Baban Auta da Hayaƙin Jami'a

A jami'ar da maigidana yake koyarwa, duk wanda ya ɗaga hannu ya yi tambaya a taron majalisa, to ya nema wa kansa aiki. Kowa ya san haka. Shi ya sa za ka ga manyan farfesoshi sun zauna sun yi gum, wasu suna gyangyaɗi, wasu suna latsa waya a ƙarƙashin tebur. Maigidan nawa, Baban Auta, shi kaɗai ne bai taɓa koyon wannan darasi ba, ga shi furfura ta gama cinye masa kai.

Ranar da Shugaban jami'a ya sanar cewa sun yi alkawari a gaban duniya za su rage rabin hayaƙin da suke fitarwa, wannan da ake cewa yana ɗumama yanayi, kowa ya yi tafi. An ma riga an kafa ƙaton allo a bakin ƙofar shiga, kore shar, da hoton ganye. Sai mutumina ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, rabin nawa?"

Shugaba ya ce, "Kamar yaya, Dakta?"

"Kafin a ce za a rage rabin abu, ai sai an san yawansa. Hayaƙin namu nawa ne?"

Babu wanda ya sani. Kafin a tashi daga taron an naɗa shi shugaban kwamitin rage hayaƙi, aka sake yin tafi, wannan karon har da dariya ƙasa-ƙasa. Ya dawo gida baki har kunne yana ba ni labari. Ni kuwa ungozoma ce, na yi ritaya bayan na gaji da karɓar 'ya'yan mutane, kuma ina gane wahala tun tana ciki ba ta fito ba. Na ce masa Allah ya sanya alheri, na ci gaba da yankan albasata.

Kuskurensa na biyu shi ne ya ɗauki aikin da gaske. A can, idan aka kafa wa magana kwamiti, ana nufin ta je ta kwanta ta huta ne. Shi kuwa ya tashi haiƙan. Ya shiga ɗakin janareto ya fito da baƙin mai a hannun riga. Ya bi direbobin motocin ɗalibai yana tambayarsu man da suke sha, har suka fara zaton binciken sata aka turo shi. Ya gano wani ɗakin taro a saman bene da na'urar sanyaya ɗaki take aiki ba hutu tun zamanin tsohon Shugaba, saboda an ɓatar da makullin, ba kowa a ciki sai kujeru suna shan sanyi. Wannan ya ba kowa dariya, aka yaba masa, aka ɓalle ƙofar.

Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma sai ya taɓo jirgin sama. Ya ce zirga-zirgar da malamai suke yi zuwa tarurrukan ƙara wa juna sani a ƙasashen waje ita ma hayaƙin jami'a ce, tunda jami'a ce take ɗora su a jirgin, kuma kason nata ba ƙarami ba ne. Ya rubuta doka: daga yanzu ba malamin da zai hau jirgi zuwa taro sai kwamiti ya amince, shugaban kwamiti ya sa hannu. Wanda bai samu ba ya gabatar da maƙalarsa ta kwamfuta daga ofis. Majalisa ta amince da dokar, don an kawo ta dab da lokacin cin abinci, ba wanda ya tsaya karantawa.

Gida ma bai bar mu mun sarara ba. In na fita daga ɗaki in ɗauko cokali, kafin in dawo ya kashe fanka da fitila. Ya ajiye mota ya sayo keke, yana ɗaure ƙafar wandonsa da roba, mutum mai digiri uku. Dutsen guga ya zama abokin gabarsa. Sai ya tsaya a kaina ina guga yana cewa, "Maman Auta, wannan rigar ai ba ta yamutse sosai ba." Na ce masa ranar da ya fara wanki da guga sai mu zauna mu tattauna batun yamutsewa. Duk wannan bai dame ni ba, don gaskiya na fi son namiji mai abin yi a kan wanda zai wuni a falo yana sa mini ido a tukunya.

A jami'a kuwa ya yi baƙin jini ba kaɗan ba. Mutanen da suka saba tsayawa su gaisa da shi har su tambayi iyali, suka koma ɗaga hannu daga nesa, wasu ma in sun hango kekensa sai su tuna sun bar abu a mota. Wanda abin ya fi yi wa zafi shi ne Dogo, amininsa tun suna ɗalibai, wanda yanzu shi ne shugaban sashensu, kuma ɗan kwamitin ne. Dogo ya samu gayyata zuwa taro a wani gari na bakin teku, har ya ɗinka sababbin kaya. Baban Auta ya ƙi sa hannu. Da yamma sai ga Dogo a falonmu, ko zama bai yi ba.

"Ni za ka yi wa haka? Ni da na ara maka kwat ranar da za ka je gaishe da iyayen wannan baiwar Allah?"

"Hannun kwat ɗin har gwiwata ya kai," in ji Baban Auta. "Kuma maƙalarka ba ta da tsawo. Za ka iya karanta ta daga ofis."

"Taro ai ba maƙala ba ce kawai! Ana haɗuwa da mutane, ana shan shayi, ana ƙulla zumunci."

"Akwai shayi a ofis."

Na kawo wa Dogo ruwan sanyi ko wutar za ta lafa. Ya shanye, ya ajiye kofin, ya dube ni.

"Madam, ki ja wa mijinki kunne. Shi ma fa yana da inda yake zuwa duk shekara."

Gaskiyar Dogo. Autarmu, mace ɗaya a cikin maza, tana zaune da mijinta a wata ƙasa mai nisa, sai ka tsallake iyaka biyu da wani ƙaton ruwa. A garin da take ne ake yin taron malaman fanninsu Baban Auta kowace shekara. Sai ya je ya karanta maƙalarsa da safe, ya amsa tambayoyi, sannan ya tare a gidan 'yarsa, yana bin ta kasuwa yana riƙe mata kwando. Ba ha'inci yake yi ba, aikin da ya kai shi yana yi. Amma ni da shi mun san ba don maƙala yake fara haɗa jaka tun saura wata guda ba. Yarinyar nan ita ce ransa. In ba shi da lafiya ya ƙi cin abinci, ita nake kira ta yi masa faɗa ta waya, sai ka ga ya jawo kwano.

To a wannan shekarar Auta tana da cikin fari. Ta sauka lafiya, aka samu namiji, kuma a makon ne takardar gayyatar taron ta iso.

Baban Auta bai nemi izinin tafiya ba. Dogo ne ya nema masa, a matsayinsa na shugaban sashe, wai don zumunci. Ƙa'idar kwamitinsu ita ce in za a tattauna maganar da ta shafi mutum, sai ya fita ya ba su wuri. Shi da kansa ya ba ni labari: ya ce ya fita baranda, bai ko gama gyara zaman tabarau ba aka kira shi ya dawo. Mutanen da kan yi wuni guda suna musu a kan launin labule, sun amince gaba ɗaya, ba ko tari. Fuskar kowa tana sheƙi.

"Dakta, je ka ga jikanka!" in ji Dogo. "Wa zai hana kaka ganin jika? Mu ba marasa imani ba ne. Saura sa hannun shugaban kwamiti kawai, ga biro."

Ya ce da ya ɗaga kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga kowa yana da taron da yake jira. Ranar da ya sa wa kansa hannu, ba shi da bakin hana kowa, dokar ta mutu ke nan, sai dai a bar allon bakin ƙofa yana shan rana. Ya mayar wa Dogo bironsa, ya ce a wuce magana ta gaba.

Ranar na wanke shi tas. Ban rage masa komai ba, har da kekensa da robar wandonsa.

"To ka ɗauki hutu mana, ka sayi tikiti da kanka! Ba ruwan jami'a, ba mai rubuta shi a lissafinku."

"Sama ba ta tambayar wa ya sayi tikiti, Maman Auta."

"Ita sama ce ta haifa maka jika?"

Ya sunkuya yana cire robar wandonsa.

"To ni dai tafiya zan yi, kuma jirgin sama zan hau. Na karɓi 'ya'yan gari duka, ba zan zauna nawa jikan yana hannun maƙwabta ba."

"Ki je. Dole ma ki je."

"Au, nawa hayaƙin turare ne?"

"Ke ba ki yi wa kowa alkawari ba," ya ce a hankali. "Ni na yi. Kuma na hana mutane."

Da la'asar Auta ta kira mu ta bidiyo. Ta saita wayar a fuskar jaririn, ɗan mitsitsi, ja wur, ya dunƙule hannu kamar wanda aka ɓata wa rai. Baban Auta ya matso har hancinsa ya taɓa gilashin wayar.

"Baba, yaushe ne taron naku?"

Ya yi gyaran murya. "Auta, bana ta kwamfuta zan yi."

Ta ce, "To, Baba. Ba komai. Allah ya taimaka."

Sai ta mayar da wayar kan jaririn, ba ta sake nuna fuskarta ba har muka yi sallama. Ni na haife ta, na san abin da ake ɓoyewa in an juya waya. Shi ma ya sani. Ranar bai taɓa abinci ba. Na bi ɗakuna na kunna fitilu da fankoki don in tsokane shi, ko ɗaya bai kashe ba. Ya ba ni tausayi ƙwarai, amma ban nuna masa ba.

Washegari na fito na tarar ya baje taswira a kan teburin cin abinci, ya danne gefenta da gwangwanin sukari.

"Ta ƙasa zan bi," ya ce.

"Ta ƙasa? Da wannan bayan naka da in ka sunkuya ɗaure takalmi sai an ɗaga ka?"

"Mota, sai jirgin ruwa, sai jirgin ƙasa. Su ma suna hayaƙi, amma bai kama ƙafar na jirgin sama ba."

Na ce masa ya je ya gwada, in ya karye a hanya kada ya ba da lambata.

Sai dai hutu a hannun shugaban sashe yake. Dogo ya karɓi buƙatar yana murmushi, ya sa hannu nan take, ya ba shi daidai abin da ƙa'ida ta ce, ko yini ɗaya bai ɗora masa ba. Da Baban Auta ya ce hanyar da nisa, ko za a ɗan ƙara, sai Dogo ya buɗe hannu.

"Doka ce, Dakta. Ka san ni da bin doka. A wurinka na koya."

Haka ya riga ni barin gida, da jaka a kafaɗa da ƙaramin matashi don bayansa. Ni kuwa na tashi bayansa da kwanaki, na hau jirgina da safe, kafin rana ta faɗi ina gidan Auta na ɗaure zani ina yi wa jikana wanka. Ban ji kunyar komai ba, har lemon da suka ba mu a jirgi na shanye.

Daga nan sai labarin hanya ya riƙa zuwa mana ta waya. Motarsu ta farko ta mutu a wani ƙauye, suka wuni ana jiran makanike. A iyaka ta farko jami'in ya tsare shi yana jujjuya katin aikinsa, ya ce shi bai taɓa ganin malamin jami'a a motar haya da buhunan busasshen kifi ba, lallai akwai abin da yake gudu. Jirgin ruwan kuma ba ya tashi sai ya cika, kuma cikarsa ba ta da rana. A bakin ruwan nan ranar taron ta same shi, ya zauna a kan jakarsa ya karanta wa manyan masana maƙalarsa ta waya, zakaran wata mata yana taya shi daga cikin kwando. Ya ce an yi masa tafi, amma bai tabbata shi aka yi wa ba ko zakaran.

Ni da surukina mukan yi dariya har da riƙe ciki. Auta ba ta dariya. Takan saurara, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta miƙa mini wayar, ta koma ɗaki.

Da rana tsaka ya iso. Da surukina ya buɗe ƙofa, sai da na sake dubawa kafin na gane mijina ne. Ya rame, ya yi baƙi, gemu ya fito fari fat, ƙafafu sun kumbura har igiyar takalmi ba ta ɗauruwa. Warin kifi kuwa ya riga shi shigowa falo. Ko gaisuwa bai tsaya an gama ba, ya miƙa hannu wajen jaririn.

"A'a!" na ce. "Ba dai da wannan hannun ba. Wuce banɗaki."

Bai yi musu ba. Ya yi wanka, ya saka rigar surukinsa, ya sake wanke hannu har gwiwa yadda na koya masa tun haihuwar ɗanmu na fari. Ya zauna, Auta ta durƙusa ta ɗora masa yaron a cinya. Ya tallafe shi da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon fuskar nan.

"Baba, sai yaushe za ka koma?" in ji Auta.

"Jibi da safe," ya ce, bai ɗago ba. "In ba haka ba hutun ba zai kai ni gida ba."

Auta ta miƙe tsaye. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, hutun da ya kamata ka ba ni, ka ba wa hanya."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Na jira in ji ya kawo bayanin hayaƙi da ɗumamar yanayi, don yana da shi a baki kullum. Bai kawo ba.

Daga lokacin bai yarda ya ajiye yaron ba sai in za a shayar da shi ko za a yi salla. Abinci ma ni na riƙa ba shi a baki da cokali, ina yi ina masa tsiya, yana haɗiya yana yi wa jariri bayanin yadda jirgin ruwa yake juyawa. Auta ta huce, ta dawo tana zama kusa da shi tana shafa masa man zafi a ƙafa. Ba wanda ya sake ambaton tafiya.

Amma jibi ba ta fasa zuwa ba. Da safe mai tasi ya tsaya a ƙofar gida yana danna hon. Baban Auta yana tsaye a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, matashinsa a hammata, jariri a ƙirji. Auta ta miƙa hannu za ta karɓi ɗanta.

"Bari ya gama hamma," ya ce.

Yaro ya gama hamma.

"Kamar zai yi gyatsa. Bari ya yi."

Mai tasi ya sake danna hon. Sai Baban Auta ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada yaran su ji.

"Maman Auta, in na ƙara kwanaki a nan, ki tambayar mini ko akwai jirgin sama da zai kai ni ranar komawa aiki."

Na yi wata da watanni ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa. Na ɗauka ranar da ya faɗe ta har rawa zan taka. Sai na dubi idonsa ya yi ja, na dubi kumburarrun ƙafafun nan, na ga mutum yana shirin rushe abin da ya sha wuya a kansa da hannunsa, don kawai ya kasa sakin jikansa. Raina ya ɓaci, ban ji daɗin nasarar ko kaɗan ba.

"Jirgi kam ba ka hawa," na ce, kuma ban rage murya ba. "Bayan ka ɓata da amininka, ka kwana da kifi, ka sa 'yata kuka, sai yanzu za ka je ka ba su abin dariya? Ka zauna. In ka ƙoshi da ganinsa, ka koma ta inda ka zo."

"Zan makara. Dogo zai ba ni takardar tuhuma."

"Ya bayar. Ka rubuta masa cewa matarka ce ta riƙe ka. In yana da ƙarfin hali ya zo ya tuhume ni."

"Tunda na fara aiki ban taɓa makara ba."

"To ka ɗanɗana ka ji, kowa ma yana yi."

Na zare jakar daga kafaɗarsa na miƙa wa surukina, na ce ya je ya ba mai tasi haƙuri ya sallame shi. Baban Auta ya daɗe a tsaye a wurin, har muka ji tashin motar. Sannan ya juyo a hankali, ya koma kan kujera ya zauna, yaron yana ƙirjinsa ya fara mutsu-mutsu yana neman nono.

Auta ta goge idonta da gefen mayafi, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba ni shi in shayar da shi. Yanzu zan dawo maka da shi."

Sai a lokacin ya sake shi.